Alƙali ɗaya ko mutum 12?

A ƙauyukan Ringim da Gumel, idan shanu suka yi ɓarna a gona, sulhun dagaci kuma ya gagara, gaban alƙali ake zuwa, shi kaɗai ya saurara ya yanke. A Amurka da Ingila kuwa, manyan laifuka juri ake miƙa wa: mutanen gari 12 da ba su karanci shari'a ba.

Alƙali mutum ne. Labarin da ya fara shiga kunnensa yakan zauna masa, shigar mai ƙara da zaƙin bakinsa na iya jan hankalinsa. Amma yana rubuta hujjarsa, ana iya bin ta a ɗaukaka ƙara.

Juri fa? Ana cewa yawa na rage son zuciya, kuma da gaskiya a ciki, domin abin da wani ya manta wani zai tuna. Sai dai taro na da nasa ciwon. A gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya yi a 1951, kusan kashi 75 cikin 100 na mutanen da aka gwada sun bi amsar jama'a aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu na ganin kuskure ce. To ina ga ƙauyen da kowa surukin kowa ne? Wane matashi zai musa wa dattijo a zaure? Idan manoma zalla suka cika kujerun, makiyayi ya shiga uku tun bai buɗe baki ba. Ga shi juri ba ya faɗin dalilin hukuncinsa.

Wannan ne ya fi damuna. A wurinmu na fi natsuwa da alƙalin da za a iya tambayarsa hujja.