Na'urar lantarki mai rage zafin ɗinki bayan tiyatar haihuwa: wacce ta cancanci kuɗinku?

Kwana huɗu da yi wa ƙanwata aiki aka ciro mata ɗa namiji, mijinta ya shigo da wani ɗan kwali yana murmushi, wai ya samo maganin ciwon nan da ke hana ta miƙewa. Da aka buɗe sai ga wata 'yar roba mai siffar malam-buɗe-littafi, da ɗan maɓalli a tsakiya. Inna ta leƙa ta ce, "Wanga abu kuma fa? Lantarki za ku sa ma mai jego?" Aka manna mata a gefen ciki, aka danna. Ko minti biyu ba a yi ba ta ce a cire, domin naman cikin ne ke zabura yana jan ɗinkin. Bawan Allah ya yi niyyar alheri, kayan ne ba su ba ne. Abin da ya ji ana yabo sunansa TENS, shi kuwa mai shago ya miƙo masa na'urar tausa.

Daga nan na shiga bin diddigin abin, kuma ga abin da zan gaya wa duk wadda aka sa wa ranar aiki, ko mijin da ke shirin kashe kuɗi.

TENS 'yar na'ura ce da ba ta fi wayar hannu girma ba. Igiyoyi ne ke fita daga jikinta zuwa wasu filastocin roba masu danƙo da ake mannawa a fata, sai ta riƙa tura lantarki kaɗan-kaɗan, mutum ya ji zir-zir kamar kiyashi na yawo. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga kowa: in yaro ya buge goshi, uwa takan murza wurin, zafin ya lafa. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana dalili. A cikin laka akwai wata mashiga da saƙon zafi ke bi kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma in saƙon taɓawa ya yi yawa sai ya tare hanya. Na'urar wannan mashigar take cikawa. Tun kafin haka ma, wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus yana ɗora wa masu ciwon kai kifi mai lantarki, kusan shekara 2,000 da suka wuce. Da na ba Inna wannan labari dariya ta yi, ta ce ashe minjirya ce aka sa a kwali. Duk Basarken da ya taɓa damƙo ta a gulbi ya san abin da take nufi.

Tana aiki? Tana ragewa, ba ta kashewa. Ƙa'idojin rage zafi bayan tiyatar haihuwa da ƙungiyar masana ta PROSPECT ta fitar a 2021 sun sa ta cikin abubuwan taimako, wato ƙari a kan farasitamol da dangin ibuprofen ko diclofenac, ba madadinsu ba. A nan nake da tsauri. Idan kuɗin gida ba zai ɗauki magani da wankin ciwo da abinci mai gina jiki da na'ura gaba ɗaya ba, na'urar ce za a ajiye. Amma in da hali, tana da wata daraja ga mai shayarwa: babu abin da ke shiga nono daga gare ta. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa mai shayarwa ta guji kodin da tiramol, saboda suna iya sa jariri barci mai nauyi da wahalar numfashi. Mu kuwa mun san yadda ake miƙa wa mai ciwo tiramol a kyamis ba tare da an tambayi ko tana goyo ba. Duk abin da zai rage bukatarsa ya cancanci a duba shi.

Iri huɗu za ku ci karo da su. Na farko shi ne wanda aka sayar wa surukina, kuma shi ya fi arha ya fi yawa a kasuwa da kan intanet. Aikinsa motsa tsoka ne, wanda ake rubutawa EMS a jikin kwali. Yana iya yi wa mai ciwon kafaɗa daɗi, amma cikin da aka yanka aka ɗinke ba ya son a riƙa fizgarsa. Kuma roba ɗaya ce dunƙulalliya, ba yadda za a yi ta kewaye ɗinki. A bar shi.

Na biyu, wanda ni shi zan saya, na'ura ce mai baki biyu da filasta huɗu, wadda mutum ke saita ta da hannunsa. TENS 7000 misali ce da ta shahara. Akwai na Beurer na Jamus da na Omron na Japan, da wasu da dama marasa suna. Abin dubawa ba kyan allo ba ne. A duba ko ana iya canza yawan bugu. Zafin ɗinki ya fi jin bugu mai sauri, wajen 80 zuwa 120 a daƙiƙa, wanda ba ya motsa nama. Bugu mai jinkiri, 2 zuwa 10, yana sa jiki ya saki nasa sinadarin rage zafi, amma yana zuwa da zaburar tsoka, don haka ba shi ne na makon farko ba. Na'urar da aka rubuta wa "tausa", "bugu", "matsa" kawai babu lamba ko ɗaya, ba za ku san abin da take turawa ba. Wasu kuma sun haɗa TENS da EMS a jiki ɗaya. Ba laifi, muddin mai riƙe da ita ya san ɓangaren da zai kunna. Amfanin baki biyu kuwa, mai jego ciwo biyu ke damunta: ɗinkin, da murɗawar mahaifa da ke tasowa duk lokacin da jariri ya kama nono. Sai a sa filasta biyu a gaba, biyu a ƙugu, kowanne da nasa ƙarfi.

Na uku ita ce ta naƙuda, mai maɓallin da ake dannawa ƙarfi ya ƙaru nan take, irin wadda matan Ingila suka saba haya. Tana da sauƙin sarrafawa, kuma maɓallin nan yana da amfani lokacin tari ko tashi daga gado. Sai dai ta fi tsada, ba kasafai ake ganinta a nan ba, kuma yawanci ba a iya saita ta yadda ake so. In wata 'yar uwa ta aiko da ita daga waje, a karɓa da godiya. Ba zan sa a yo odarta ba.

Na huɗu mara igiya ce, ana sarrafa ta da waya. Rashin igiya abin so ne ga mai riƙe da jariri, amma sau da yawa filastarta ta kamfaninta ce kaɗai, kuma ranar da ta ƙare a Sakkwato sai dai a ajiye na'urar a durowa.

Wannan maganar filasta ita ce ainihin cinikin, kuma ita ce mai shago ba ya tayarwa. Na'ura takan yi shekaru, filasta kuwa bayan mannawa 20 zuwa 30 danƙonta ya tafi, a garin da ba zafi ke nan. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, gumi yakan ɓamɓaro ta tun kafin zama ya ƙare; da hunturu kuma ƙura da bushewa ke cinye ta. Filastar da ta saki gefe ɗaya tana tara lantarkin a ɗan wuri, sai a ji kamar sukar allura. Saboda haka kafin a biya a duba bakin igiya. Mai tsinke siriri shi ya fi yawa, kusan kowace filasta mai faɗin santimita 5 tana shiga. Mai ɓalli irin na riga ma ana samu. Wanda bai yi kama da ko ɗaya ba, a tambayi mai kaya ko yana da filastarsa a shago yanzu, ba "za a kawo" ba. A sayi ƙarin fakiti biyu rana ɗaya. In an cire, a mayar da ita kan ledarta, a rufe, a ajiye wuri mai sanyi. Gindin randa ya ishe ta. Ɗigon ruwa ɗaya yakan farfaɗo da danƙon da ya fara bushewa. Kuma fatar da aka shafe da man kaɗanya ko basilin ba ta riƙe komai, sai an wanke an tsane.

Batir ma abin lissafi ne. Mai caji tana da daɗi in akwai sola ko fawa-bank a gida. In babu, kuma wuta ta yi tafiyarta ta kwana biyu, mai ƙananan batura irin na rimot ta fi kwanciyar hankali, don ko a teburin mai shayi za a iya dacewa da su. Mai batir ɗin nan murabba'i na bolt 9, irin na TENS 7000, sai an ɗan nema. A saya da ajiya.

Lokacin saye yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Zafin ya fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, kayan da aka yo oda daga Legas kuwa ba mamaki su iso ana shirin suna. Wadda aka sa wa rana ta saya tun ciki na wata takwas, amma kada ta gwada a cikinta ko ƙugunta. Ta gwada a damtse. Ta tafi da ita awo ta nuna wa likita. Wadda aikin ya zo mata ba shiri, gara miji ya fara tambaya a sashen gashin ƙashi na asibiti, domin TENS kayan aikinsu ne na yau da kullum. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, a nemi likitan da ke duba ta ya haɗa su. Zama ɗaya ya isa a gane ko jikinta ya karɓa, don ba kowa take yi wa aiki ba. In za a saya, shagon kayan asibiti ya fi, inda za a kunna a gabanku a ba ku rasiti. NAFDAC na yi wa kayan asibiti rajista kamar yadda take yi wa magani, a tambayi lambar.

Akwai waɗanda ba tasu ba ce sam: mai na'urar daidaita bugun zuciya, da mai farfaɗiya. Wadda ta yi jijjiga a wannan cikin ma sai da izinin likita. Ba a sa filasta a kan ɗinki ko bandejinsa, sai sama da shi ko gefe da tazarar yatsu biyu zuwa uku, kuma a fatar da ke ji. Wannan na ƙarshe a kula da shi, domin fatar da ke dab da yankan takan mutu na wani lokaci, mutum ya yi ta ƙara ƙarfi bai san yana ƙuna ba. Ba a sawa a wuya, ko kai, ko ƙirji. Ba a shiga wankan jego da ita, ba a kwana da ita. Minti 30 a zama, da ƙarfin da ake ji sosai amma ba ya ciwo, sannan a kashe kafin a ɓamɓare. In kuwa zazzaɓi ya zo, ko ɗinki ya yi ja yana ruwa, ko jini ya ƙaru, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ba maganar na'ura ake ba, a nufi asibiti.

Ƙanwata dai a ƙarshe ta sami aron mai baki biyu daga wata maƙwabciya da ke fama da ciwon baya, muka saya mata sababbin filasta, don ba a haɗa su da kowa. Takan kunna kafin ta ba da nono, da kuma kafin ta tashi zuwa banɗaki. Ta ce zafin yana nan, amma ya koma wanda za a iya yin hira a kansa. Maganinta ba ta fasa ba, ga ɗamarar cikin da aka ba ta izinin ɗaurawa, wadda ita ma tana cikin waɗancan ƙa'idoji na 2021 kuma kuɗinta bai kama ƙafar na na'ura ba. Malam-buɗe-littafin kuwa yana wurin Inna, wai gwiwarta ta gode.