Setin tafet: aikin Baba ya yi kyau, yaransa ne matsalar

Duk mai tsohon Honda CG125 irin nawa ya san ƙarar nan ta cak-cak-cak da ke tashi daga kan inji idan tafet ya saki, wato ɗan sukurun da ke danna bawul, ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi a inji. Ba ta hana tafiya, damun mutum kawai take yi. Ita ce ta kai ni wurin wani bakanike a bakin titinmu, wanda ya buɗe marfin kan inji mashin na huci da zafi, ya ɗaure tafet da kunne, ya ce in saurara. Ƙara ta ɗauke ɗif. Na biya na tafi. Daga ranar kuma mashin ya daina tashi da safe sai na yi ta kik har gumi ya keto mini, ga sanyin hunturu. In ya tashi, sulo ba ya zama, ina isa danja zai mutu. Na koma, aka ce kabireta ce, aka wanke. Aka ce filogi ne, aka canza. Har an fara yi mini maganar ringi da fistin.

Wani abokin aikina ne ya tura ni wurin wannan dattijon, kuma a kansa nake wannan rubutu. Rumfar kwano ce kawai da benci, babu allon suna. Na faɗa masa abin da ke faruwa, ya ɗora bayan hannunsa kusa da silinda, ya ce, "Malam, je ka sha shayi. Ba na taɓa tafet da zafi." Raina ya ɗan sosu, don ina da wurin zuwa. Ya ce in ina sauri ga masu sauri nan cike da titi. Na zauna.

Da injin ya huce sarai ya kira ni, ya ce in tsaya in gani da idona. Ya cire filogi don injin ya juya da sauƙi, ya buɗe ɗan marfin gefen maganeto, yana juyawa a hankali yana leƙe har alamar T, mai nuna fistin ya kai sama, ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji. Akwai F kusa da ita, ya ce waccan ta wuta ce, ba ruwanta da wannan aiki. Sannan ya kama roka biyun, wato ƙarafan da ke ɗauke da tafet suna danna bawul, da yatsa ya girgiza. Ko motsi. Ya sake juya injin zagaye ɗaya cikakke, don a T ɗin farko bawul na iya kasancewa a danne, sai a ta biyu suke rufe duka. Ya sake girgizawa. Na shan mai ya ɗan motsa, na fitar hayaƙi kuwa kamar an yi masa walda. Ya dube ni ya ce, "Ga ringinka nan da fistin ɗinka."

Abin da ya burge ni shi ne ma'aunin da ya zaro daga aljihun gaba, siraran ƙarafan nan da ke haɗe wuri ɗaya kowanne da lambarsa, duk sun yi baƙi don tsufa. Na saba ganin ana sa reza ko a yi da ƙiyasi. Shi ya ware na milimita 0.08, wanda shi ne awon ratar da ke tsakanin tafet da kan bawul a CG125, a bawul biyun, idan inji ya yi sanyi. Ya sassauta noti da sifana, ya juya sukurun tsakiya kaɗan-kaɗan, yana zura ƙarfen yana jawowa har ya ji yana wucewa da ɗan ja. Ya riƙe sukurun kam ya ɗaure noti, sannan ya sake aunawa, domin ɗaurin notin kan ja sukurun ya ɓata setin. Na fitar hayaƙin sai da ya maimaita shi. Ya nuna mini kan bawul ɗin, inda shekaru suka yi masa ɗan rami, ya ce a tsohon inji ma'auni kan haye ramin ya yi maka ƙarya, shi ya sa hannu ma sai ya yi aiki.

Bayaninsa gajere ne. Tafet in ya matse, bawul ba ya zama daram a mazauninsa, matsin inji ya riƙa zurarewa, kuma zafin da ya kamata ya sauke a jikin kan silinda ya tsaya masa har bakinsa ya ƙone. "Wanda ke ɗan ƙara yana gaya maka yana nan. Wanda ya yi shiru shi nake tsoro." Injin nan tun 1975 Honda ta fito da shi don ƙasashen da ba a cika kula da sabis ba, shi ya sa yake jure wulaƙanci, amma ba a ce ba ya mutuwa ba.

Kik ɗaya ya tashi. Sulo ya zauna. Ɗan ƙaran ya dawo, siriri, kuma yanzu ba ya damuna. Kuɗin da ya karɓa bai kai abin da na kashe a wankin kabireta da filogi ba. Har nan, in da maki ake bayarwa, na ba shi duka.

To amma aka kira salla, Baba ya miƙe ya bar wa yaronsa rufe marfi. Nan aka ɓata rawa da tsalle. Yaron ya mayar da tsohon gasket ɗin da ya riga ya bushe, bai ce mini a sayo sabo ba, alhali shagon kayan mashin na kallonmu. Ya kuma danne noti ɗaya da ƙarfin tsiya har na ji ya yi laushi a hannunsa. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Ba komai, Oga." Kafin in isa gida baƙin mai ya biyo jikin silinda yana toyewa a kan salansa, ƙafar wandona ta shadda ta tashi daga aiki. Kuma yanzu da nake tunawa, roban kan filogi ma a tsage aka mayar mini da shi, kuma ba haka na kawo shi ba.

Da na koma, Baba bai yi musu ba. Ya yi wa yaron faɗa a gabana, ya gyara zaren notin, ya sa sabon gasket, kuɗin gasket ɗin kuwa daga aljihuna. Wandon ko a jikinsa. Wannan ya tsaya mini a rai, don ko "yi haƙuri" ban samu ba sai "ai yara ne."

Zan koma? Setin tafet kam babu wanda zai sake taɓa mini sai shi. Amma duk mai zuwa ya tafi da sabon gasket a aljihu, ya je da sassafe ko ya kai mashin tun dare don ya kwana ya huce, kuma kada ya bari a soma aikin dab da azahar.