Shatar bas daga Kano zuwa Yankari, yadda ta kaya mana

A dogon hutun nan muka haɗa kuɗi mu da 'ya'yan kawunmu muka yi shatar Hiace mai ɗaukar mutum 18, har da Hajiya Inna da jikokinta. Gaskiya direban mutumin kirki ne, ƙarfe 6 na safe yana ƙofar gida, bai taɓa ɗaure fuska ba duk da tsaye-tsayen da muka dinga sa shi, a Wudil yara suna son fitsari, a Ningi sallah, a Bauchi kuma Inna ta ce wallahi ba ta wucewa sai an sayo masa da miya. Can baya kuwa hira ake ta ɓarkewa da dariya, wasu rabona da su tun bikin Yaya.

Inda ya gaza, esi ba ya aiki kuma bai faɗa mana ba lokacin ciniki, ga ruwan sama ya sa dole a rufe gilasai, Inna ta sha fifita da gefen mayafi.

Amma da muka isa Wikki a cikin Yankari, ruwan nan mai ɗumi garai-garai kana hango yashin ƙasansa, direban da kansa ya tsaya yana korar birai daga kulolin abincinmu. Za mu sake ɗaukarsa in sha Allah, in ya gyara esin.