Bas ɗin T5 na bakin tekun Ceredigion: ya biya kuɗinsa, amma ka riƙa kallon agogo

Wata huɗu na yi a Aberystwyth, a yankin Ceredigion na ƙasar Wales, ban leƙa ko'ina ba, daga ɗaki sai aji sai laburare, har wata ƴar ajinmu ƴar garin ta ce min kai wai haka za ka gama digirin ka koma ba ka ga Aberaeron ba? Ni kuma ba mota gare ni ba, jirgin ƙasa kuwa a Aberystwyth ya ƙare, layin da a da yake zarcewa kudu zuwa Carmarthen tun 1965 aka daina ɗaukar fasinja a kai. To shi ne na gwada T5 na TrawsCymru, wato bas-bas masu dogon zango na Wales, wanda yake bin titin A487 ta gefen teku har Cardigan, ya zarce zuwa Haverfordwest.

Bas ɗin tsaf yake gaskiya, ga ɗumi, kuma da kati na biya ba sai na nemi canji ba. Na ce wa direba tikitin yini nake so, wanda za ka yi ta hawa da sauka, shi ne dai ya fi in kana da niyyar tsayawa gari biyu ko uku. Shawara ɗaya da zan ba ka, in daga Aberystwyth ka taso ka zauna ɓangaren dama. Ana gangarowa wajen Llanrhystud sai kawai tekun ya buɗe maka gaba ɗaya, tumaki a kan tudu ta hagu, ruwa ta dama har iya ganinka, wallahi sai da na ajiye waya. Titin dai akwai kwana-kwana da hawa da sauka, mai saurin jin jiri a mota kar ya cika ciki kafin ya hau.

Aberaeron mil 16 ne kacal, a nan na fara sauka, kuma nan na fi daɗewa. Garin zana shi aka yi kafin a gina, bayan dokar majalisa ta 1807 da ta ba da izinin gina tashar jiragen ruwa, shi ya sa titunan suke a miƙe, gidajen a jere kowanne da fentinsa, wannan shuɗi, na kusa da shi ruwan ƙwai, na gaba ja. Na sha askirim ɗin zuma da ake ta zuzutawa, cikin sanyin nan hannuna har ya ƙage amma ban yi nadama ba. Sunan ma ma'ana gare shi, aber a yarensu na Welsh bakin kogi ne inda yake shiga teku, wato bakin kogin Aeron. Cardigan ma su Aberteifi suke ce mata saboda kogin Teifi. Da ka gane wannan sai allunan hanya su daina ba ka tsoro.

New Quay kuwa don dolfin na je, an ce ana hango su daga kan katangar tashar ruwa. Na tsaya kusan minti 40 iska na dukana, ban ga ko jela ba. Abin da na gani shi ne tsuntsun teku da ya kawo sura ya ɗauke min rabin kifi daga takarda, bayan na gama tambayar mai shagon ko da giya a ƙullin da da wane mai suke suya. Kuma ka sani daga inda bas yake ajiye ka gangara ce zuwa bakin ruwa, dawowar ce aiki.

Kuskuren da na tafka nawa ne ba na kowa ba. A wani ƙauye kafin Aberporth na sauka ɗaukar hoto, da bas na gaba ya taho ina tsaye hannu a aljihu, ashe a ƙananan tashoshin nan sai ka ɗaga hannu, ya wuce abinsa ina kallo. Zaman awa guda ya kama ni, wata tsohuwa da ta fito da karenta ta yi min dariya ta ce kowa sai ya yi sau ɗaya. Ka duba jadawalin tun daga gida, musamman na yamma da na Lahadi, don ba bas ɗin birni ba ne da wani zai biyo baya nan da minti biyar.

Saboda haka a gurguje na ga Cardigan, na dai shiga ganuwar da aka yi gasar waƙa da kiɗa ta Lord Rhys a 1176, wadda suke ɗauka ita ce eisteddfod ta farko, wato bikin gasar waƙa da kiɗa na Wales, na leƙa Teifi daga kan gada na juyo. Abin da ya fi burge ni a dawowa shi ne yadda ƴan makaranta da tsofaffi suke ta hira da Welsh a cikin bas ɗin, kuma duk mai sauka sai ya ce wa direba diolch, wato na gode. Ni ma na faɗa a Aberystwyth, ya amsa min da wata doguwar magana da ban kama ko kalma ɗaya ba.

Huɗu cikin biyar na ba shi. Wani satin T1 zan hau in ga Lampeter.