Hattara da masu "sabunta rajistar jirgi" a bakin ruwa

Jama'a, musamman 'yan'uwa masu fito a Yauri da Wara da Malale, don Allah ku isar da wannan saƙo ga duk wanda ke shirin sayen jirgin ruwa na hannu.

Kawuna ya sayi jirgin katako da injinsa Yamaha 40, da kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa daga kamun kifi. Ana gama ciniki wani mutum ya manne masa, da kati rataye a wuya, ya ce shi ke yi wa NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, aikin takardu. "Baba, ba sai ka wahala zuwa ofis ba, kwana uku zan mayar da rajistar da sunanka." Kawu ya miƙa masa tsohuwar takardar jirgin da hotuna biyu, ya je wurin mai POS ya tura kuɗi cikin asusun wani mutum.

Kwana uku kuwa sai ga takarda, an rufe ta da leda, ga hatimi ga tambarin ƙasa. Da na tsuguna kusa da injin na gwada, lambar da ke takardar daban, wadda ke jikin injin daban. Muka kai ofis aka duba, aka ce ba daga wurinsu ta fito ba. Har yau layin mutumin a kashe, kuma ya tafi da tsohuwar takardar, wadda ita ce shaidar asalin jirgin.

NIWA hukumar gwamnatin tarayya ce, an kafa ta a 1997, hedkwatarta na Lokoja. Kuɗinta asusun gwamnati suke shiga, a ba ka rasit. Duk wanda ya ce ka tura asusunsa ko na "oga", ɗan damfara ne.

Ba kuɗin ne suka fi ƙona min rai ba. Takarda ta fito alhali babu wanda ya zo ya duba jirgin. Da muka ja shi tudu muka kankare kwaltar da aka shafe cikinsa da ita, katako biyu sun ruɓe, babban yatsana sai da ya nutse a ciki. Da wannan za a ɗebi mata da yara ranar kasuwa! Mu da muka ga abin da ya faru a Wara ranar 26 ga Mayu 2021, tsohon jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya rabe a tsakiyar ruwa, bai kamata takardar bogi ta kwantar mana da hankali ba.

In za ka saya, a rubuta takardar ciniki gaban Sarkin Ruwa da shaidu, a sa lambar inji a ciki. Ka je ofis da ƙafarka, kai da wanda ya sayar maka, kuma kada takardar asali ta bar hannunka, kwafi za ka bayar. In mai katin nan ya zo muku, ku sanar da Sarkin Ruwa ko 'yan sanda tun bai karɓi ko sisi ba.

Jirgin Kawu yana wurin kafinta yanzu, ba zai taɓa ruwa ba sai an sauya katakon.