Littafin Concord, bugun Kolb da Wengert: wa ya kamata ya saya, kuma ta ina zai fara

Faston Lutheran da ke son sanin abin da ikkilisiyarsa ta tsaya a kai, ba abin da aka gaya masa ta tsaya a kai ba, a nan zai samu. Littafin Concord ya fara fitowa a Dresden ta Jamus ranar 25 ga Yuni 1580, shekara 50 cif bayan an karanta Shaidar Augsburg a gaban Sarki Charles na Biyar. Wanda muke dubawa shi ne fassarar Turanci da Robert Kolb da Timothy Wengert suka tsara, kamfanin Fortress Press ya buga a 2000, shafi sama da 700.

Takardu goma ne a ciki: shaidun bangaskiya uku na dā (na Manzanni, na Nikiya, da na Atanasiyus), Shaidar Augsburg ta 1530 da Kāriyar da Melanchthon, abokin aikin Luther, ya rubuta mata a 1531, Babobin Smalcald da takarda kan ikon Fafaroma na 1537, Ƙaramar Katikisma da Babba na 1529, sai Yarjejeniyar Concord ta 1577 mai kashi biyu, taƙaitacce da cikakke.

Ƙarfin wannan bugu yana ƙasan shafi. Duk inda aka ambaci wani mutum, ko wata rigima, ko wata dokar majalisar ikkilisiya, akwai bayani a nan take, kuma kowace takarda tana da gabatarwar da ke faɗin wa ya rubuta, don me, wa ake mayar wa martani. A bayan littafin akwai jerin ayoyi, da na sunayen mutane, da na batutuwa. Mai shirya wa'azi kan Romawa 3 zai duba jerin ayoyin, cikin minti biyu ya ga duk inda aka yi amfani da surar. An kuma sa ɗan littafin ɗaurin aure da na baftisma waɗanda Luther ya haɗa da Ƙaramar Katikisma, abin da ba kowane bugu ke da shi ba.

Akwai wurare biyu da sabon mai karatu ke tuntuɓe. Na farko Shaidar Augsburg ce. Tun asali rubutu biyu gare ta, na Jamusanci da na Latin, kuma ba kalma-kalma suka zo ɗaya ba. Masu tsara bugun sun fassara duka biyun, suka jera su a shafuka masu fuskantar juna. Wanda bai lura da kan shafi ba zai kai ƙarshen shafin hagu a tsakiyar jimla, ya tsallaka na dama, ya tarar an koma baya. Maganinsa shi ne a zaɓi gefe ɗaya a bi shi har ƙarshen babi, sannan a dawo a kwatanta. Na biyu Kāriyar ce. Melanchthon ya fitar da ita sau biyu a 1531, na biyun ya yi masa gyara mai yawa, musamman a babin barata ta wurin bangaskiya. Kolb da Wengert sun bi na biyun, alhali tsofaffin fassarori irin na Tappert na 1959 sun bi na farko. Saboda haka idan wani littafi ya tura ka babi na 4 sakin layi kaza, kana iya nema ka rasa, ko ka samu maganar a wani wuri dabam. Ɗalibi mai rubuta aikin makaranta ya faɗi bugun da ya yi amfani da shi tun a shafin farko, in ba haka ba malaminsa zai ɗauka kuskure ya yi.

To, ina amfaninsa ga tambayoyin da ke gabanmu yau? Ba ya ba da amsa a dafe. Ba za ka ga maganar siyasar jam'iyya ko wa'azin arziki da sunansu ba. Abin da yake bayarwa ma'auni ne, kuma sai an san inda za a buɗe.

Ɗauki rigimar da ba ta ƙarewa a majami'u kan ganga, da rawa, da tufafin fasto, da tsarin sujada. Babi na 7 na Shaidar Augsburg ya ce haɗin kan ikkilisiya ya tsaya a kan koyar da Bishara daidai da ba da sakramenti daidai, al'adun da mutane suka kafa ba dole su zama iri ɗaya a ko'ina ba. Babi na 10 na Yarjejeniyar Concord ya ƙara sharaɗi mai nauyi: ikkilisiya tana da 'yancin canza irin waɗannan abubuwa muddin ba a sa raunana tuntuɓe ba, amma ranar da wani mai iko ya tilasta su don a danne Bishara, a ranar ba a ja da baya ko taku ɗaya. Wannan ya samo asali ne daga matsin da aka yi wa Lutheran bayan 1548. A karanta babin biyu tare; wanda ya riƙe ɗaya ya bar ɗaya, ko dai ya zama mai tsauri ba dalili, ko ya zama mai yarda da komai.

Kan mulki, babi na 16 na Shaidar Augsburg ya yarda Kirista ya riƙe muƙami, ya yi alƙalanci, ya yi ciniki, tare da iyakar Ayyukan Manzanni 5:29. Babi na 28 kuwa ya hana a gauraya ikon ikkilisiya da na takobi, kuma ya dace shugabannin ikkilisiya su sake karanta shi duk lokacin zaɓe. Kan wa'azin arziki, a je bayanin Doka ta Farko a Babbar Katikisma, inda Luther ya nuna cewa abin da zuciya ta dogara gare shi shi ne allahn mutum, ya kuma sa dukiya a gaban gumaka. Bayanin Doka ta Bakwai yana maganar tauye mudu da ha'inci a kasuwa kai ka ce jiya aka rubuta.

Akwai wuraren da dole malami ya tsaya ya yi bayani. Babobin Smalcald sun kira Fafaroma magabcin Kristi. Babi na 1 na Shaidar Augsburg ya lissafa Musulmi cikin waɗanda ya ƙi koyarwarsu kan Triniti, an kuwa rubuta shi shekara ɗaya bayan sojojin Daular Usmaniyya sun yi wa Vienna ƙawanya a 1529. An kuma la'anci Anabaftis, masu ƙin baftismar jarirai, a babobi da dama. Littafin ya tsaya a 1580, don haka ba zai gaya maka cewa Tarayyar Lutheran ta Duniya ta sa hannu kan sanarwa ɗaya da Katolika game da barata a Augsburg a 1999 ba, ko cewa a 2010 a Stuttgart ta nemi gafarar Mennonite saboda tsanantawar da aka yi wa kakanninsu Anabaftis. A Adamawa, inda LCCN (Ikkilisiyar Lutheran ta Kristi a Najeriya) ta samo asali a Numan tun 1913 kuma take zaune da Musulmi, da Katolika, da 'yan EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) a unguwa ɗaya, ba daidai ba ne a karanta wa ajin matasa waɗannan layuka ba tare da tarihinsu ba. Ba kuma daidai ba ne a ɓoye su.

Kada a fara daga shafin farko a ce za a bi a jere. Yawancin masu yin haka a cikin Kāriyar suke maƙalewa, don babinta na 4 shi kaɗai ya kai ɗan littafi. A fara da Ƙaramar Katikisma, sai Shaidar Augsburg babi 1 zuwa 21, sai Babbar Katikisma, sai taƙaitaccen kashin Yarjejeniyar. Kāriyar da cikakken kashin su zo a ƙarshe.

Turancinsa na jami'a ne. Ga fasto, da malamin tauhidi, da ɗalibin makarantar tauhidi irin ta Bronnum ta LCCN, ya cancanci kuɗinsa. Dattijon ikkilisiya ko shugabar zumuntar mata za su fi jin daɗin bugun masu karatu na Concordia Publishing House, wanda ya fara fitowa a 2005, mai hotuna da tsarin karatu na shekara guda, sai dai a sani bayanansa na bin ra'ayin Missouri Synod ne, wata ikkilisiyar Lutheran ta Amurka. Ikkilisiyar da kuɗinta bai kai na kowa ba ta sayi na Kolb da Wengert guda ɗaya a ajiye a ofishin fasto, a rubuta sunan duk wanda ya ara.