Akwatin littattafai a ƙofar gida

Yaya, ka tambaye ni ko a nan Amurka ma ana aron littafi a cinye, kamar yadda aka yi wa ƙamus ɗinka a Argungu. To, a layinmu wani abu ake yi daban.

A ƙofar gidan wata tsohuwa akwai ɗan akwati bisa sanda, kai ka ce ɗakin tantabara ne, sai dai murfinsa na gilashi. Littattafai ne a ciki, ba su fi talatin ba. Babu kwaɗo, babu mai tsaro, ba a rubuta suna. Ka buɗe ka ɗauka, in kana da wanda ka gama da shi ka ajiye. Ranar farko sai da na waiga hagu da dama kafin na sa hannu, kamar mai satar goro.

Ana ce masa Little Free Library. Wani mutum mai suna Todd Bol ya fara kafa shi a 2009 a garin Hudson, nan jiharmu ta Wisconsin, don tunawa da mahaifiyarsa wadda malamar makaranta ce. Yanzu ya bazu har wasu ƙasashe. Ba don mutanen nan sun rasa laburare ba ne, na gwamnati ma kyauta ake ba da kati.

Amma kada abin ya ruɗe ka. Yawancin abin da ke ciki ragowa ce: tsofaffin littattafan girki, labaran 'yan sanda, na yara da aka yi wa zane da biro. Mutum ya share gida ne ya sauke kaya. Mu kuwa wanda ake rububi shi ake ara. Ka tuna yadda Inna da maƙwabtanta ke aika mu da littattafan hikaya gida-gida, bango ya yage an ɗinke da zare, kowa kuma ta san mai shi. Har na shagon haya sai mutum biyar sun karanta kafin a mayar.

Da na yi niyyar in ce ka kafa irinsa a ƙofar gida, sai na tuna da gara, da ƙurar hunturu, da masu ƙosai masu neman takardar ƙunshi. Gara ka sa kantar littattafai a zaure, kusa da inda Baba ke zama, ya riƙa ganin mai ɗauka. Ƙamus biyu na sayo, ɗaya naka, ɗaya na kantar.